Kafin a yi feshi a fadamar Argungu, a fara tambayar sunan tsutsar

Duk mazaunin Gesse a Birnin Kebbi da ya taɓa zama ƙofar gida bayan sallar Isha'i a ƙarshen damina ya san su. Da an kawo wuta, ko an kunna fitilar sola, sai ga su sun yi dafifi a jikin ƙwan lantarki. Ƙananan faɗa-wuta ne, wasu farare, wasu launin busasshen kara, wasu ko tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba su kai ba. Da safe yara su share gawarwakinsu tare da ƙura.

A cikin irin waɗannan ƙwari ne ake samun uwayen tsutsar da ke cin shinkafa a fadamar Rima, daga Augie da Argungu har Ambursa da Bunza. A cikinsu kuma akwai ɗaruruwan da ba ruwansu da gonar kowa. A idon mai shara duk ɗaya suke.

A idon mai sayar da maganin feshi ma kusan haka ne. Manomi zai zo shago ya ce tsutsa ta shiga masa shinkafa, a miƙo masa kwalba, ya biya, ya saɓa famfo ya nufi fadama. Ba a tambayi wace tsutsa ba ce, shi ma bai zo da ita ba. Idan maganin bai yi aiki ba, sai a ce jabu ne, ko a ce a ninka awo.

Jihar da ta ɗora sunanta da tattalin arzikinta a kan shinkafa bai kamata ta ci gaba da wannan harbin iska ba. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamban 2015. Daga nan aka samu shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi a ƙarshen 2016, aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa a Argungu a 2017. An zuba kuɗi a iri da taki da injin ban-ruwa da injin casa. Sanin ainihin ƙwarin da ke cin abin da aka shuka shi ne ya fi duk waɗannan arha, kuma shi ne aka fi jin shiru a kansa.

Tsutsa ba ɗaya ba ce

A gonakin shinkafa na Afirka ta Yamma, masana sun daɗe da sanin aƙalla jinsuna uku na faɗa-wuta da tsutsarsu ke shiga cikin kara. Halinsu ya bambanta ƙwarai.

Ta farko farar tsutsa ce mai suna Maliarpha separatella. Uwarta kan jera ƙwai a kan ganye, ta manne gefen ganyen ya rufe su. Idan tsutsar ta ƙyanƙyashe sai ta gangara ta shige gaɓoɓin ƙasa na karan, ta zauna tana ci a hankali. Ba kasafai take kashe tsakiyar shuka ba, ba kasafai take mayar da zangarniya fara ba. Gona za ta yi kyau a ido, mai ita yana ta murna, sai ranar awo ya ga buhunan sun gaza, ƙwayar ba ta cika ba. Sai ya ɗora laifin a kan taki ko a kan iri. Wannan tsutsa kusan shinkafa kaɗai take ci, ta gida da ta daji, kuma idan an girbe takan kwanta a cikin kututturen da aka bari a gona har ruwa ya dawo.

Ta biyu, Chilo zacconius, mai zane-zane a baya, ita ba ta ɓoye aikinta. Takan yanke shuka daga ciki, tsakiyar ta bushe tun tana ƙarama, ko kuma zangarniya ta fito fara fat, miƙe tsaye, babu ko ƙwaya. Ta uku, Sesamia calamistis, mai launin ja-ja, ba ta zaɓen abinci: masara, dawa, rake, ciyayin bakin fadama, duk nata ne, daga nan take tsallakowa cikin shinkafa.

Bambancin nan yana da kuɗi a cikinsa. Manomin da farar tsutsa ce matsalarsa zai ci riba sosai idan ya kafce kututture ko ya nutsar da shi a ruwa bayan girbi, ko da bai sayi kwalba ɗaya ba. Wanda ja-jar ce ta dame shi, kafce kututturen kaɗai ba zai wadatar ba, tunda tana da mafaka a gonar masarar maƙwabci da ciyawar gefen kwari. Duk ukun kuma, da zarar sun shige cikin kara, maganin da ke kashe ƙwaro idan ya taɓa jikinsa ba ya kai musu. Kwanakin da feshi ke da amfani kaɗan ne, tsakanin ƙyanƙyasar ƙwai da shigar tsutsa cikin kara. Wanda ya jira sai ya ga farar zangarniya, to ya makara. Abin da ya fesa bayan nan ya tafi ga gizo-gizo da zanzaro masu cin tsutsar, ragowar kuma ya bi ruwa.

Ruwan nan kuwa shi ne ke gangarawa gulbin da Argungu ke alfahari da kifinsa. Magungunan feshi da dama da ake samu a kasuwa, musamman dangin saifametirin, guba ne mai ƙarfi ga kifi. Manomin Kabi da masuncin Kabi sau da yawa gida ɗaya suka fito.

Noman rani ya ƙara dagula lissafin. A da, rani kan yanke wa waɗannan ƙwari abinci na watanni. Yanzu da ake shuka shinkafa da rani a kuma sake da damina, wasu wuraren koren ganye ba ya yankewa a fadama. An buɗe musu ɗakin girki shekara a zagaye.

Abin da ya faru a Asiya

Ƙasashen Asiya masu noman shinkafa sun riga kowa shan wahalar rashin sanin suna. Babbar abokiyar gabarsu ita ce rawayar tsutsar kara, Scirpophaga incertulas. Macen faɗa-wutar rawaya ce mai ɗigon baƙi ɗaya a kowane fiffike, namijin kuma ƙarami ne mai launin toka-toka. Ba su yi kama ba ko kaɗan. A 1863 wani masani ɗan Ingila, Francis Walker, ya raɗa musu suna biyu daban a matsayin jinsi biyu. An yi shekaru masu yawa ana rubuce-rubuce a kan ƙwari biyu kafin a gane miji da mata ne.

Kuskuren ya kan zo ta ɗaya ɓangaren ma, a ɗauki abu biyu a matsayin ɗaya. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙuda da ke sa shinkafa ta fitar da ganye kamar na albasa maimakon zangarniya. Shi ba faɗa-wuta ba ne, amma labarinsa ya dace da wannan magana. An daɗe ana zaton na Afirka da na Asiya abu ɗaya ne. Sai a 1982 wasu masana biyu, Harris da Gagné, suka nuna cewa na Afirka jinsi ne mai zaman kansa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa irin shinkafa da yawa da suka gagari ƙudan a Asiya suka kasa tsayawa a gaban na nan. Kama da wane ba wane ba ne.

Ita kanta farar tsutsar fadama ba ta tsira ba. A 1997 wani masani mai suna Cook ya sake duba danginta gaba ɗaya, ya fito da sababbin jinsuna uku da ba a taɓa raɗa wa suna ba. Ke nan duk wanda ya ɗauko wani tsohon rahoto daga wata nahiya ya ce zai yi aiki da shi a Zauro, sai ya fara tabbatar da cewa ƙwaro ɗaya ake magana a kai.

Shi ya sa har gobe masana a Sin da Taiwan da Indiya da Japan ke fita da fitila da farin ƙyalle cikin dare. Jami'ar Nankai da ke birnin Tianjin ta tara ɗimbin ƙananan faɗa-wuta daga lardunan kudancin Sin irin su Yunnan da Hainan da Guangxi, kuma kowace shekara ana bayyana sababbin jinsuna daga can. Mafi yawansu ba sa cin amfanin kowa. To amma ba a iya gane baƙo sai an san 'yan gida, kuma wannan shi ne amfanin taskar.

Yadda ake gane su

Aikin ba shi da wani armashi. Ana kama ƙwaron a fitila, ko a tsaga kara a ɗauko tsutsar a rene ta a kwalba har ta zama faɗa-wuta. A soke ta da siririyar allura, a baje fikafikan, a rubuta wuri da rana da shukar da aka same ta a kai. Samfurin da babu wannan 'yar takarda a jikinsa shara ne.

Launin fiffike yakan yaudari mutum, domin ƙurar da ke jikinsa tana gogewa, kuma jinsuna da yawa tamkar tagwaye suke. Don haka sai a cire ƙarshen cikin ƙwaron, a jiƙa shi a wani sinadari mai narkar da nama, a shimfiɗa gaɓoɓin haihuwarsa a kan gilashi, a duba da madubin ƙara girma. Maganar na iya ba mai karatu dariya, amma nan ne hujjar take: siffar waɗannan gaɓoɓi ta kowane jinsi daban ce, kamar makulli da kwaɗonsa.

Edward Meyrick, malamin makaranta a Ingila wanda ya raɗa wa ƙananan faɗa-wuta sama da 14,000 suna, da yawansu daga Indiya da sauran ƙasashen Asiya, ya fi dogara da jijiyoyin fiffike da kamannin waje, bai yarda da wannan fiɗa ba. Bayan rasuwarsa a 1938 sai da wasu suka shafe shekaru suna bin samfuransa a gidan adana kayan tarihin halittu na Landan suna gyara abin da ya haɗa ba daidai ba. Idan gwani irin wannan ya ruɗe da ido, ina ga mai shago da ko ganin ƙwaron bai yi ba?

Tun daga 2003 an samu ƙarin hanya, wadda Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar. Ana ɗaukar ƙafar ƙwaro ɗaya, a karanta wani ɗan gajeren yanki na DNA ɗinsa, a gwada da na waɗanda aka riga aka sani. Hanya ce mai kyau, tana aiki ko a kan tsutsa ko ƙwai. Sai dai tana da sharaɗi: dole wani ya riga ya tantance jinsin ya saka shi a rumbun bayanai. Abin da ba a taɓa tarawa ba, na'ura ba za ta san shi ba.

Shekarar da aka ji a jika

Arewa ta ga farashin wannan a 2016. Wata 'yar faɗa-wuta da tsawonta bai wuce milimita 7 ba ta share gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Manoma suka kira ta Sharon, 'yan jarida suka ce Ebolar tumatir. Gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, miya ta gagari gidaje da yawa.

Ba sabuwar halitta ba ce. Meyrick ɗin nan ne ya raɗa mata suna tun 1917 daga wani samfuri na ƙasar Peru. Tuta absoluta ta tsallako Sifaniya a 2006, ta bi ƙasashen bakin Bahar Rum, ta ratso Afirka ƙasa bayan ƙasa. An yi shekara goma tana tafe a bainar jama'a. An san tsutsarta cikin naman ganye take zama, an san ta saba da magunguna da dama, an san akwai tarkon da ke jan namijinta da ƙamshin mace. Manomin Kadawa bai samu wannan labari a kan lokaci ba. Ya yi ta fesa abin da ya saba fesawa.

A farkon shekarar ne kuma aka ga wata baƙuwar tsutsa a masara a kudu maso yammacin Najeriya. A kallon farko ta yi kama da wadda aka saba gani. Masanan cibiyar IITA, ciki har da Georg Goergen mai kula da taskar ƙwarin cibiyar a Kwatano, su suka tabbatar da cewa Spodoptera frugiperda ce daga nahiyar Amurka, ta hanyar duba siffa da gwajin DNA. Wannan tabbaci shi ya ankarar da duniya. Ta isa Indiya a 2018, ta shiga Yunnan a farkon 2019, inda ta tarar ana jiran ta da tarkunan fitila da na ƙamshi. Yau malamin gona kan nuna wa manomi alamarta da ido: zane mai kama da harafin Y a kife a goshi, da ɗigo huɗu a jere kamar murabba'i kusa da wutsiya. Wannan sauƙin ya samu ne saboda wani ya yi aikin mai wuya tun farko.

"Manomi ba Latin yake buƙata ba"

Za a ce manomin da ke bin bashin man fetur na injin ban-ruwa ba ya buƙatar sunan da ko furta shi ba zai iya ba. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa ya haddace. Mara lafiya ma ba ya buƙatar sunan ƙwayar cuta, amma yana buƙatar a yi gwaji kafin a rubuta masa magani. Sunan na malamin gona ne da mai bincike. Abin da zai isa ga manomi shi ne: kafce kututture, ko ka yi feshi a wannan mako, ko kada ka yi ko kaɗan.

Za a kuma ce ai yanzu akwai waya. Akwai manhajojin da ke gane ƙwaro daga hoto, wasunsu kuma suna aiki sosai a kan sanannun ƙwari irin baƙuwar tsutsar masara. To amma manhaja da hotunan da aka ba ta take koyo, kuma hotunan ƙananan faɗa-wutar Turai da Amurka da gabashin Asiya sun fi na Sahel yawa nesa ba kusa ba. Idan aka nuna mata ƙwaron Dukku, za ta kawo sunan wanda ya fi kama da shi a cikin abin da ta sani, ta kuma faɗe shi da cikakken ƙarfin hali. Amfanin wayar na gaskiya shi ne ta kai hoton da wurin da ranar ga mutumin da zai iya cewa a aiko da samfurin.

Ga mai shakkar ko sanin suna na kawo abinci, Maraɗi ba ta da nisa. Tsutsar da ke huda zangarniyar gero, wadda manoman can ke kira murzuna, ta zama annoba a Sahel tun bayan farin shekarun 1970. Da aka san ta da kyau, aka san abokin gabarta, wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Masu bincike na cibiyar INRAN suka koyi kiwonsa a kan tsutsar wata faɗa-wutar daban mai cin hatsi a rumbu. Ana zuba gero da tsutsar da matan zanzaron a ƙananan buhunan algarara, a rataye a ƙauye, 'ya'yan su fito su bazu cikin gonaki. Babu famfo, babu guba.

Haka tsutsar da ke cin fure da kwanson wake, Maruca vitrata. Da bincike ya karkata ga cewa asalinta kudu maso gabashin Asiya ne, sai aka je can neman maƙiyanta. An ɗauko wasu ƙananan zanzaro ta hannun cibiyar binciken kayan lambu ta duniya da ke Taiwan, aka gwada su, aka sake su a Benin da Burkina Faso. Ita ce kuma tsutsar da cibiyar binciken noma ta Samaru ta nufa da irin waken SAMPEA 20-T da aka amince da shi a ƙarshen 2019. Ko mutum na goyon bayan irin wannan iri ko ba ya yi, tsutsa guda aka san ta aka auna. Wake ne kuma ya nuna inda feshin ido rufe ke kai ƙasa: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari a jikinsa.

Abin da Kebbi za ta iya

Ba gini ake nema ba, ba kuma sabuwar hukuma ba. Akwai hukumar bunƙasa noma ta KARDA da malaman gonarta. Akwai reshen cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a Birnin Kebbi. Akwai jami'ar tarayya a Kalgo da ta jiha a Aliero, cike da ɗaliban da kowace shekara ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Akwai tsohuwar taskar ƙwari a Samaru da ta IITA a Kwatano, inda za a iya kai abin da ya gagara.

Abin da zai haɗa su kaɗan ne. Tarkon fitila mai sola a wurare goma ko goma sha biyu a tsawon fadama, da wanda zai kwashe abin da ya faɗa kowace safiya ya ƙirga. Ɗaki ɗaya mai madubi mai kyau da akwatunan ajiya da gara ba za ta ci ba. Mutum biyu ko uku da za a tura su koyi fiɗar nan, a kuma riƙe su da albashin da ba zai sa su gudu ba. Sai sanarwa a rediyo da WhatsApp da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci idan ƙidaya ta nuna uwayen sun fara yawa. Masu manyan injinan casa, waɗanda ke kukan ƙarancin shanshera, su ya fi cancanta su fara sa hannu a aljihu, tunda kowace zangarniyar da ta fito fara daga buhunsu ta fita.

Wahalar ba a sayen kayan take ba, a ɗorewa take. Ƙidayar shekara ɗaya ba ta faɗin komai. Sai an yi shekara biyar, goma, ana rubutawa a littafi ɗaya kafin a iya cewa a mako kaza na watan Maris farar tsutsa ke tashi a Argungu. Irin wannan aiki ba a yanka masa kirtani, ba a kiran makaɗa, shi ya sa yake saurin faɗuwa daga kasafin kuɗi.

Kafin hukuma ta motsa, ƙungiyoyin manoma na iya fara nasu da reza da kwalba. Bayan girbin nan, a tumɓuke kututture ɗari daga sassa daban-daban na gona, a tsaga su ɗaya bayan ɗaya. A ƙirga nawa ke da tsutsa, a ware farare daban, masu zane daban, ja-ja daban. A ɗauki hoto, a jefa kaɗan a cikin sifirit, a rubuta sunan fadamar da kwanan wata da fensir a saka a ciki, a kai wa malamin gona.